SoapCalc: Ko ya dace da masu haɗa sabulu a Gadarif?

SoapCalc shafin intanet ne na kyauta da ke lissafa yawan sodar haɗa sabulu (caustic soda, wato NaOH) da kowane mai ke buƙata kafin ya zama sabulu. Ga 'yan'uwanmu mata da ke haɗa sabulu da man gyaɗa ko man riɗi a Gadarif da Maiwurno na ƙasar Sudan, muna ganin ya fi awon gwangwani nesa ba kusa ba.

Lissafinsa na kan turba. Kowace ƙwayar sinadarin mai (molecule) tana cin ƙwayar soda uku, ta ba da ƙwayar sabulu uku da ta gilisarin ɗaya, wato sinadari mai sa fata laushi. Amma nauyin ƙwayoyin ya bambanta daga mai zuwa mai, shi ya sa giram ɗaya na man gyaɗa ke cin soda giram 0.137, man riɗi 0.134, man kwakwa kuwa har 0.183. Idan kin zuba man gyaɗa giram 700 da na kwakwa 300, soda giram 151 ce za ta cinye su tas. Shafin yana rage kashi 5 cikin ɗari don a bar rarar mai, sai ya ba ki 143, da ruwa giram 380. Wannan ragin shi ne ke hana sabulu cin fata, kada a taɓa shi. Gilisarin wajen giram 110 kuma yana nan cikin sabulun.

Inda ake faɗawa rami ba laifin lissafin ba ne. Lita ɗaya ta mai ba kilo ba ce, wajen giram 915 take. Wadda ta auna da kwalba ta rubuta 1000, soda ta yi mata yawa. Sai an sami sikeli. Haka idan aka zaɓi KOH (wani nau'in sodar daban) maimakon NaOH a shafin, adadin sodar zai ƙaru da kashi 40 cikin ɗari, kuma KOH ta sabulun ruwa ce.

Rauninsa: da Turanci yake, sai da intanet, kuma yana ɗauka sodarki tsantsa ce. Sodar da ta kwana a buɗe ta sha iska ta dunƙule, ƙarfinta ya ragu, sabulun zai fito laɓo-laɓo. Man kasuwa da aka gauraya ma ba shi da lamba a jerin mayukan da ke shafin.

A zuba soda cikin ruwa, ba ruwa cikin soda ba, da safar hannu, kuma ban da tukunyar alminiyam, domin soda na cin ta. Sabulun ya sha iska mako 4 zuwa 6 kafin a kai kasuwa.