Sharhi kan aikin auna shef-ekip a masana'antar ruwan leda, Yamai

Wani ofishin masu ba da shawara kan harkar masana'antu a nan Yamai ya yi mana aikin wata uku: ya auna shef-ekip ɗinmu biyu, wato shugabannin rukunin ma'aikata, na safe da na dare, don a gane wane ne cikinsu zai iya riƙe gyaran da aka yi wa aiki bayan masu horarwa sun tattara nasu ya nasu. Duk mai masana'anta ya san wannan ciwo. A yi horo, a share ɗaki, a ja layin fenti rawaya a ƙasa, a rataye allo. Bayan sati shida ka tarar da bokiti zaune a kan layin, allon kuwa rabonsa da alli tun ranar da baƙi suka tafi.

Tsarin da suke aiki da shi na Japan ne, kaizen, wato gyara aiki kaɗan-kaɗan ba tsayawa, da 5S, wato matakai biyar na tsara wurin aiki, wanda kamfanin Toyota ya yi suna da shi. Huɗun farko na 5S kowa na iya yinsu: ware abin da ba a buƙata, ba kowane kaya wurinsa, tsabtacewa, kafa ƙa'ida. Na biyar, shitsuke, wato ƙa'idar ta zame wa mutum jiki, shi muka biya kuɗi a auna. Sun zo sau uku, a wajen kwana 30, da 60, da 90, ba tare da sun sanar da rana ba, kuma zuwa ɗaya da tsakar dare suka yi shi.

Abin da ya fi burge mu shi ne ba shef suke fara tambaya ba. Mai aunawa yana wucewa kai tsaye wurin mashin, ya karanta takardar da aka manna a jikinsa mai ɗauke da zafin ƙarfen liƙin tsaye da na liƙin kwance, ya gwada da lambar da mashin ke nunawa. In sun bambanta, sai ya tambayi yaron da ke kan mashin: wa ya canza, yaushe, an rubuta? Canza zafi ba laifi ba ne. Nadin leda yakan bambanta da ɗan'uwansa a kauri, kuma zafin da ya kama liƙi da asubar hunturu yana iya ƙona leda da azahar a watan Afrilu. Laifin shi ne a murɗa a yi shiru, ekip ta gaba ta gaji lambar da ba ta san dalilinta ba.

Sai kaye, wato littafin ƙirga yoyo. Ƙa'idar ɗakin ita ce duk awa a ɗebi leda 100 a matsa su da hannu, a rubuta nawa suka zubar. Lissafin ba ƙarami ba ne: mashin da ke fitar da leda 2000 a awa, in uku cikin ɗari na yoyo, leda 60 ke nan a awa, 480 a awa takwas, wato fakiti 24 mai ashirin-ashirin, ban da waɗanda za su fashe a cikin amalanke su jiƙa sauran. Mai aunawa bai damu da kyan lambobin ba, rubutun yake dubawa. Layi takwas da bik ɗaya, hannu ɗaya, takarda fes babu ko ɗigon ruwa, a ɗakin da hannun kowa jiƙe yake: wannan an zauna ne an cike shi gaba ɗaya daf da tashi. Sifili daga sama har ƙasa ma abin zargi ne. Kayen gaskiya yana da datti, yana da awar da aka tsallake aka rubuta "wuta ta ɗauke".

Gwajin da ya raba gardama shi ne na janye shef. Suna fita da shi awa biyu da sunan tattaunawa, ɗayansu ya zauna a ɗaki yana kallo. Wa ya goge ƙarfen liƙi? Da leda ta fara karkacewa, yaron ya tsayar da mashin da kansa, ko ya bar shi yana ta zubar da ɓatattu yana jiran shef ya dawo? Shef ɗinmu na safe gwanin mashin ne, da kunne yake gane wuƙar yanka ta dakushe. A nan ya faɗi, domin ilimin duk a kansa yake. Da aka ba shi sabon yaro ya koya masa sa nadin leda, minti biyu bai cika ba ya ce "matsa in yi". Ma'aunin da suka ɗora shi a kai tsohon tsarin koyar da aiki ne da aka fito da shi a Amurka lokacin yaƙin duniya na biyu, mataki huɗu: ka shirya mai koyo, ka nuna masa kana faɗin dalilin kowane motsi, ka bar shi ya yi yana yi maka bayani, sannan ka riƙa komowa kana duba shi. Shef na dare, wanda ba ya da rabin gwanintar wancan, ya bi ukun farko da haƙuri, yaransa kuma kowa ya iya aikin ɗan'uwansa.

Sun kuma sa kowane shef ya bi diddigin matsala ɗaya da tambayar "don me" har sai an kai tushe. Yoyo na yawaita bayan an ɗauke wuta. Don me? Ƙarfen liƙi ya huce kafin gurup ya tashi. Don me ba a jira ya koma zafinsa ba? Masu saye na tsaye a ƙofa, yaro ya ƙara zafi don ya yi sauri, ya manta bai mayar ba, leda ta koma ƙonewa. Maganin layi ɗaya ne a takardar mashin: bayan ɗauke wuta ba a taɓa lamba, a jira ta kai inda aka rubuta, a matsa goman farko kafin a ci gaba. Na dare ne ya kai nan. Na safe ya tsaya a "yaran ba sa ji".

Aikin yana da nakasu, kuma ba ƙanana ba. Takardar maki tana ɗora wa shef abin da ke wuyan mai masana'anta. An rage wa na dare maki saboda tef ɗin teflon na ƙarfen liƙi ya cinye, alhali ya rubuta buƙatar sabo a kaye sau uku ba a sayo ba. Haka fitilar UV mai kashe ƙwayoyin cuta: masu ƙera ta suna ba ta kimanin awa 9000, kusan shekara guda in tana kunne dare da rana, kuma tana ci gaba da haske bayan ƙarfinta ya tafi. Abin da ya dace a tambayi shef shi ne ko ya rubuta ranar da aka sa ta, ko ya tuna wa maigida. Sayenta ba daga aljihunsa ba ne. Sai da muka ja da su kafin suka raba takardar gida biyu, na shef da na maigida.

Takardun kuma duk da Faransanci suke, yaran ɗaki kuwa Hausa da Zabarmanci suke yi. Wanda ya ji tambaya ta bakin tafinta yakan amsa abin da yake zaton ana so. Sannan kwana 90 ɗinmu sun faɗo ne daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da kasuwar ruwa ke sanyi. Wanda zai ɗauki masu aunawar ya sa aƙalla zuwa ɗaya a Afrilu ko Mayu, sa'ad da zafi ke haura digiri 40, mashin ba ya hutawa, kowa na neman hanyar yanke.

Mai mashin ɗaya da ke tsaye a ɗakinsa kullum ba ya buƙatar wannan aiki, tsadarsa ta fi ƙarfin amfaninsa. Mai ekip biyu ko uku ya ɗauke su, da sharaɗin a sa masa wanda ke jin Hausa ko Zabarmanci. Ya kuma roƙi su bar masa allon kati na duba aiki: kati goma sha biyu, fuska ɗaya ja, ɗaya kore, kowanne da abu guda da za a duba. Shef ya zari biyu kullum ba zaɓe, ya je ya gani da idonsa, ya juya launin da ya tarar, kore in daidai ne, ja in da gyara. Maigida kuma ya zari nasa ɗaya ranar Asabar.