Sharhi: zagayen kwana 6 na Dutsen Tubkal da Tabkin Ifni, da jagora da alfadarai

Wannan sharhi ne a kan hidimar wani ƙaramin kamfanin jagorori na ƙauyen Imlil a Maroko, wanda muka yi zagayen Tubkal da shi daga Yamai. Kuɗin da aka biya ya haɗa da jagora ɗaya, mai dafa abinci, alfadarai masu ɗaukar kaya, tanti da abinci sau uku a rana. Hidimar ta ci kuɗinta, amma da sharaɗi guda: a ɗauki zagayen kwana 6 wanda ake barin ƙololuwar sai ranar ƙarshe. Za su nuna muku na kwana 2 saboda ya fi araha. Mutumin Yamai kada ya karɓa.

Yamai tana kusan mita 200 ne sama da teku. Imlil, inda ake fara takawa, tana mita 1,740, ƙololuwar Tubkal kuma 4,167, babu dutsen da ya kai ta a Arewacin Afirka. A can sama, iskar da mutum yake samu a numfashi ɗaya kusan kashi 60 cikin 100 ce na wadda ya saba. Jure zafin watan Afrilu ba ya maganin wannan ko kaɗan. A tsarin kwana 2, daren farko ma a mita 3,200 ake kwana, shi ya sa ake ganin ƙarti majiya ƙarfi suna amai a bakin masauki.

Zuwa wurin ba wuya: jirgi zuwa Kazablanka, jirgin ƙasa na kusan awa 3 zuwa Marakesh, sannan mota ta Asni, kilomita 65 ko kusa da haka. Tun bayan kisan wasu baƙi biyu a Disambar 2018 ba a barin kowa ya hau ba jagora, kuma ana duba fasfo a hanya, don haka ya zauna a jakar baya, ba cikin kayan alfadari ba.

Ranar farko shan iska ce, a haye mashigin Tamatart a kwana a Tashedirt, wajen mita 2,300. Ta biyu ita ke nuna wa kowa matsayinsa. Mashigin Likemt ya kai mita 3,550, hawan fiye da mita 1,200 ne a kan tsakuwa mai zamewa, ka taka uku ta maido ka ɗaya. Amfaninsa shi ne ana hawa can a sauko a kwana ƙasa, kuma haka jiki ke sabawa. Rana ta uku a bi ta mashigin Urai a gangara Amsuzart, ƙauye mai itatuwan goron Turawa da ruwan wanka. Ta huɗu sai tabki.

Ifni yana wajen mita 2,300, kuma ba ya kama da tabkunanmu na Tabalak ko Madarunfa. Babu kainuwa, babu laka, babu itace ko ɗaya a bakinsa. Ruwa ne kore shar cikin kwano na jan dutse, wani tulin duwatsu ya tare shi ta gefen ƙauyuka, ruwan yana tsatsa ta ƙarƙashi ya ɓullo can ƙasa ya shayar da gonaki. Ana kafa tanti a kan tsakuwar ƙarshen tabkin. A nan ne katifun da kamfanin ya bayar suka kunyata shi: siraran soso ne da ba su kai kaurin yatsa ba, kowane dutse sai ya gaisa da haƙarƙarinka. A tafi da katifar hurawa ta kai. Ruwan tabkin kuwa yana da sanyin da ke ɗauke numfashi, kuma bakinsa yana zurfafa da sauri. Wanda bai iya iyo sosai ba ya tsaya a wanke ƙafa.

Rana ta biyar ita ce mafi wuya, ita ce kuma mafi kyau. Daga tabki zuwa mashigin Wanums, mita 3,660 ko kusa, hawan mita 1,300 ne da ɗoriya cikin ƙunci tsakanin bangaye biyu na dutse. Rafi yana bin kwazazzabon, yana zubowa daga tsauni hawa-hawa, har feshinsa yana jiƙa hanya. Duwatsun da ruwan ke taɓawa suna da gansakuka mai santsi kamar kuɓewa, a taka busasshe ko da ya fi nisa. Jagoranmu ya tashe mu tun da asuba, kuma yana da gaskiya: a watan Agusta hadari kan taso bayan azahar, ruwa kuma in ya sauka a sama, kwazazzabo ne hanyarsa.

A wajen sanin hanya da karanta sama ba mu ga aibin jagoran ba. Yana jin Faransanci, harshensa na gida kuma ɗan'uwan na Buzayenmu ne, wanda ya zauna Agadas zai tsinci kalmomi. Aibinsa sauri. Ɗan dutse ne, yana tafiya kamar a tsakar gida. Dole a ce masa tun ranar farko: “Malam, a sa mai rauni a gaba.” Ma'aunin shi ne mutum ya iya magana yana tafiya. In ba ya iyawa, saurin ya yi yawa.

Wani abu da ba a faɗa mana ba shi ne alfadarai ba sa tafiya tare da mutane. Suna wucewa gaba don a kafa tanti, duk abin da ke bayansu ya tafi ke nan sai yamma. Jakar baya ta lita 25 zuwa 30 ta ɗauki ruwa lita 3, rigar ruwa, rigar sanyi, hula da safar hannu, tocilan ta goshi, dabino da gyaɗa. Duk hawan mita 1,000 zafi yana raguwa da kusan digiri 6, ga iska a kan mashigi, sai ka bar tabki da gumi ka isa sama yatsu sun ƙage.

Abinci ba laifi: burodi, kuskus, tajin, adas, kifin gwangwani, da shayin na'ana'a mai sukari. Ba yaji, a riƙe ƙullin yajin gida. Ruwan sha ne matsala. Daga rafi ake ɗebowa, kuma awaki suna kiwo a sama. Kamfanin bai kawo ƙwayar tsarkake ruwa ba. A saya a farmasi tun daga Yamai, a jefa yadda takardar ta ce, a jira aƙalla minti 30.

Takalmi kuwa, kada a yaudari kai da na gwanjo don ya yi kyan gani. Roba mai laushi da ke tsakanin tafin da fatar tana ruɓewa in ta daɗe a ajiye, sai ta ɓare gaba ɗaya a rana ta biyu. A lanƙwasa shi a kasuwa, in ya tsage ko ya zubar da gari a bar shi. A sayi mai rufe idon sawu, ya ɗara ƙafa da lamba ɗaya, a yi wata biyu ana horo da shi da jaka mai kilo 6, a matakalan filin wasa na Seyni Kunce ko tuddan hayin kogi.

Maganar da ta fi kowace nauyi gare mu ita ce sikila. Mai ita ba shi da aiki da wannan tafiya. Mai ɗauke da rabinta ma, wato AS, ƙarancin iska na iya taɓa masa saifa, kuma da yawa ba su san suna ɗauke da ita ba. A yi gwajin jini a ga likita kafin a sayi tikiti. Kamfanin bai tambaye mu komai a kan lafiya ba, wannan sakaci ne babba. A kan dutsen, ciwon kai da tashin zuciya na nufin kada a ƙara hawa. Tangaɗi kamar na maye, ruɗewa, ko haki alhali ana zaune, na nufin a sauka nan take ko da tsakar dare ne.

Ranar ƙarshe ana barin masaukin nan na mita 3,200 cikin duhu, awa 3 zuwa 4 a kai ga dalar ƙarfen da ke ƙololuwa. Daga nan gangara ce ta fiye da mita 2,400 har Imlil, ta Sidi Shamharush mai farin dutse da ƴan magangarun ruwa. Gwiwa ce ke biyan wannan bashi, don haka a yi hayar sanduna biyu a Imlil tun farko, a ɗaure igiyar takalmi tamau kada farce ya riƙa dukan gaba. Alherin jagora da masu alfadarai ba ya cikin kuɗin kamfani. A ware shi da dirhami tun daga Marakesh, dirhami ɗaya kusan dala 12 ne na kuɗin sefa, a damƙa wa kowa nasa a hannu.