Iyafis mai toshe kunne ko mai kashe ƙara: wanne ya dace da mai babur?

Wani ɗan'uwa ya yi tambaya: yana zirga-zirga da babur tsakanin Kano da Zariya, iska na hana shi jin waƙa, kuma idan ya sauka sai kunnensa ya yi ta ƙugi. Yana son sanin wanda zai saya, iyafis marar waya mai kashe ƙara da lantarki, wanda ake rubuta ANC a kwalinsa, ko kuwa mai bakin soso da ke toshe ramin kunne.

Malam, ƙugin nan shi ne abin dubawa tun kafin a zo maganar waƙa. Idan babur ya kai gudun kilomita 100 a awa, ƙarar iska a cikin hular kwano takan kai desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 95 zuwa sama. A ma'aunin NIOSH, hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, kunne na jure desibel 85 na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi. A desibel 100, minti 15 ne kacal. Wanda ya sa iyafis na gama-gari ya ƙure murya don waƙa ta rinjayi iska, ya ɗora wa kunnensa kaya a kan kaya. Don haka wanda kake nema shi ne wanda zai rage iskar har ka ji waƙa da murya ƙasa-ƙasa.

Mai ANC yana da ƙaramin makirufo da ke sauraren ƙarar waje, sai ya fitar da sautin da zai soke ta. Yana aiki sosai a kan ƙara mai kauri da ba ta canzawa, irin rurin janareta ko na cikin jirgin sama. Iskar babur ba haka take ba. Bugowa take yi, tana sauyawa duk lokacin da ka juya kai ko tirela ta gifta, kuma idan ta daki makirufon kai tsaye sai ka riƙa jin fat-fat a cikin kunne. Ga kuma matsalar siffa. Irin AirPods Pro da yawancin FreePods na Oraimo suna da 'yar jela da ke leƙowa. Kana zura hular kwano sai ta ture shi, toshewar ta lalace, ko ya faɗa cikin hular, ko ya danne maka kunne har ya yi zafi. A cikin mota ko ofis kaya ne masu kyau, amma a ganina kuɗin da ka biya don ANC asara ce a kan babur.

Mai bakin soso ba ya buƙatar wata dabarar lantarki, toshe ƙofa kawai yake yi. Shure SE215 misali ne mai kyau, domin yana kwanciya daidai da kunne, wayarsa ta zagaya ta bayan kunnen, hula ba ta kama shi. Kamfanin ya ce yana rage ƙara har desibel 37, kodayake wannan sai an sa shi daidai. Na kamfanin Etymotic na shiga can ciki kuma toshewarsa na da ƙarfi, sai dai jikinsa dogo ne, wasu huluna na tokare shi. Akwai kuma Plugfones, wanda asalinsa matoshin kunne ne irin na masana'anta aka sa masa sifika. Yadda ake sawa shi ne rabin aikin: ka murza soson tsakanin yatsu har ya sirance, ka ja saman kunnenka da ɗaya hannun, ka zura, ka riƙe kamar daƙiƙa 20 zuwa 30 ya kumbura. Idan ka ji muryarka ta koma cikin kanka, to ya zauna.

Shi ma yana da nasa aibin. Gumi da ƙurar hunturu na cinye soson, dole ka riƙa sauyawa, kuma idan ya yi dauɗa ka ci gaba da cusa shi, ciwon kunne kake saye. Wayar sai ka bi da ita ta cikin riga don kada iska ta riƙa fizgarta. Jabu kuma ya cika kasuwa, musamman na sunayen da suka yi fice.

Akwai hanya ta uku ga mai hali: sifikar cikin hula irin ta Sena ko Cardo, a haɗa da matoshin kunne na soso. Amma ta fi dacewa da hula mai rufe kunnuwa. 'Yar kwanon da ke tsayawa a saman kunne ba ta ɗaukarta sai da ƙarin kayan haɗi na musamman. A Faransa tun Yulin 2015 aka haramta tuƙi da iyafis a kunne, amma aka bar sifikar da ke jikin hula.

Ni shawarata, don hanyar Zariya ka ɗauki mai bakin soso da ke kwanciya a kunne. Kafin ka hau titi, ka ta da babur, ka kunna waƙa, ka sa wani ya danna oda a bayanka daga nesa kaɗan. Idan ba ka ji ta tsaf ba, rage murya har sai ka ji, kuma kada ka ƙara a kan hanya. Ka jera waƙoƙinka tun a gida don kada hannu ya bar kan babur. Da ka shigo cikin gari, inda Adaidaita Sahu ke yanko maka ta hagu da dama, ka tsaya gefe ka cire shi gaba ɗaya; a wannan gudun iska ba ta da ƙarar da za ta cutar da kai, kuma kunnuwanka biyu kake buƙata. Idan ƙugin ya wuce kwana biyu bai lafa ba, ka je asibiti sashen kunne, hanci da maƙogwaro a auna jinka.