Gargaɗi ga masu ɗaukar bidiyo: a kula da masu tallar batirin dron mai arha

'Yan uwa masu sana'ar ɗaukar bidiyo a bukukuwa, ina roƙon ku ku karanta wannan kafin ku tura wa kowa kuɗi. Akwai wani mutum da ke yawo a dandalin WhatsApp da Facebook yana tallar batirin dron, wato jirgin ɗaukar bidiyo mara matuƙi, yana cewa sabo ne fil, kwali kawai aka buɗe, wai ragowar kayan wani shago ne da aka rufe. Kuɗinsa kusan rabin na kasuwa. Ni na faɗa, kuma da idona a buɗe na faɗa, kwaɗayi ne ya ja ni.

Guda biyu na saya na dron ɗina, samfurin Mavic Air 2. Na tura kuɗi, ya sa su a mota, washegari na karɓa a tasha. Da na haɗa da manhajar DJI Fly da ake sarrafa jirgin da ita, adadin caji, wato sau nawa aka taɓa caja batirin, ya nuna 1 a ɗaya, 0 a ɗayan. Hankalina ya kwanta. Ban duba komai ba bayan wannan, kuma a nan na yi sake.

Ranar wani ɗaurin aure na tashi jirgin da ɗaya daga cikinsu, caji cike. Minti bakwai ko takwas ina bin jerin motocin ango daga sama, allo yana nuna kashi 61, sai kawai ya zube zuwa kashi 9. Jirgin ya fara sauka da kansa, ba ya jin magana. Allah Ya taimake ni ya dira a kan kwanon wani gida, ba a kan mutane ba. Sai da muka yi sallama da maigidan, wani yaro ya hau da tsani ya sauko min da shi. Da na cire batirin, zafinsa kamar an ɗauko daga murhu, cikinsa ya ɗan tashi, da ƙyar ya fito daga mazauninsa.

Wani abokina mai gyaran waya ne ya buɗe min ɗayan. Gefen robar duk alamar wuƙa da gam, an taɓa fasa shi an mayar. Batirin nan ƙwayoyi uku ne a ciki, kuma dole ƙarfinsu ya zama kusan ɗaya. Biyu suna wajen bolt 4.3, na ukun bai kai 4 ba. Ya ce min wannan tsohon batir ne da aka ajiye shi ya mutu. Irin waɗannan batura na litiyom idan aka bar su wata da watanni babu caji, ƙwaya ta sauka ƙasa da bolt 3, cikinta ya lalace, sai ƙaramin allon da ke kula da batirin ya kulle shi, ya ƙi karɓar caji. Kullewar nan kariya ce. To mutanen nan sai su fasa, su ɗura wa ƙwayoyin wuta da ƙarfi, su haɗa allon da kwamfuta su buɗe makullin, su mayar da lissafin caji sifili. Gawa ce aka yi wa wanka aka ɗaura wa rawani. Zai cika, fitilunsa huɗu su kama, amma da jirgi ya nemi ƙarfi a sama sai raunanniyar ƙwayar ta durƙushe. Kuma irinsa na iya kamawa da wuta a wajen caji, cikin ɗakin da kake kwana.

Na kira mutumin, ya ce cajata ce ba ta da kyau. Kira na biyu, ya toshe ni.

Idan za ka sayi batir a hannu, kada lissafin caji ya ruɗe ka. Ɗora shi a kan tebur ka ga ko yana kwanciya daram ko yana lilo. Duba ɗinkin robar. Buɗe manhaja ka ga ƙarfin kowace ƙwaya, sannan ka tashi jirgin ƙasa ƙasa a fili har cajin ya kusa ƙarewa, kana kallon yadda yake sauka. Wanda ya ƙi yarda a gwada kafin a biya, bar masa kayansa.

Namu na gida ma mu kula, domin daga irin sakacinmu suke samun haja. Da azumi ko tsakiyar damina aiki yakan ja baya, sai mu jefa batura a jaka mu manta. A ajiye su da caji kashi 40 zuwa 60, ba cike ba, ba fanko ba. Na Mavic Air 2 ma yana rage kansa zuwa kashi 60 bayan kwana biyar, don haka ɗumin da za ka ji a lokacin ba matsala ba ce. Duk wata uku a fito da su a yi musu caji. Wuri mai sanyi suke so, digiri 22 zuwa 28, ka ga but ɗin mota a watan Afrilu ba wurinsu ba ne. Wanda ya daɗe a ajiye kuma, a caja shi a kan siminti kana zaune kusa.

Baturan nan biyu da na saya suna cikin bokitin yashi a bayan gida yanzu haka. Jiya na ga tallar ta sake fitowa a wani dandalin, hoto iri ɗaya, suna daban, lambar asusu daban.