Kafin ka biya kuɗin kallon besbol a Amurka, duba unguwar da kake zaune

Filin wasa na ƙungiyar Yankees yana kan titi na 161 ne a Bronx, yankin birnin New York da mutanen Afirka ta Yamma suka yi yawa a cikinsa, har da Hausawan Ghana da Nijar da Najeriya. Ba abin mamaki ba ne magidanci da ya taso da son ƙwallon ƙafa ya wayi gari ya ga yaran da ya haifa a can sun fi karkata ga besbol, suna matsa masa ya biya musu kuɗin kallo. Abin da zai fara zuwa ransa shi ne MLB.TV, domin ita ce manhajar hukumar MLB kanta, wato babbar gasar besbol ta Amurka. Amma idan ya biya, aka zo lokacin wasan Yankees, sanarwa zai gani a fuskar talabijin cewa an toshe wannan wasan a yankinsa, alhali ɗan'uwansa da ke Kumasi ko Kano, wanda ya biya manhajar nan ɗaya, yana kallon yawancin wasannin kai tsaye. A wannan kasuwa adireshin mutum ne ke yanke abin da zai iya kallo, don haka wanda ya biya kafin ya bincika ya yi cinikin biri a sama.

Dalilin toshewar yana cikin yadda ake sayar da haƙƙin nuna wasa. Gasar MLB tana da ƙungiyoyi 30, kowacce tana buga wasa 162 daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Satumba, kuma kowace ƙungiya tana da yankin da aka shata mata a taswira, inda ita kaɗai ke da ikon sayar da haƙƙin nuna wasanninta. Bisa al'ada takan sayar wa tashar wasanni ta yanki, tashar kuma ta karɓi kuɗi daga kamfanonin kebul a kan kowane gida da ke da layi, ko masu gidan suna kallon besbol ko ba sa kallo. Da MLB.TV za ta nuna wasan a cikin yankin, da darajar abin da tashar ta saya ta faɗi, shi ya sa ake toshewa, ko ƙungiyar tana wasa a gida ko ta yi tafiya. Taswirar kuwa ba ta bin hankali a ko'ina. Jihar Iowa ba ta da ƙungiya ko ɗaya a gasar, amma ƙungiyoyi shida ne suka yi shekaru suna lissafa ta cikin yankinsu, wato Cubs da White Sox da Cardinals da Royals da Twins da Brewers, kuma mazauna Las Vegas ma shida aka ɗora musu. Mutum yana nesa da fili tafiyar awa huɗu ko biyar a mota, amma a ce masa ɗan gida ne. A ganina wannan zalunci ne ga mai kallo, kuma gasar ta daɗe tana yin sa cikin natsuwa, tana da kariyar da Kotun Ƙolin Amurka ta ba ta tun 1922 daga dokokin hana babakere a kasuwa.

Akwai matsala ta biyu da mutane ke haɗawa da ta farko, alhali daban take: rikicin farashi tsakanin tashar yanki da kamfanin da ke kai tashoshi gidaje. Idan suka kasa daidaitawa, kamfanin ya cire tashar, mai kallo kuma ya rasa ta duk biyun, domin kebul ɗinsa ba ya ɗauke da wasan, MLB.TV kuma ta toshe shi. Mutanen Bronx sun ɗanɗana wannan tun 2002, shekarar da aka kafa tashar YES ta Yankees, lokacin da kamfanin Cablevision ya ƙi ɗaukar ta har kakar wasa ta ƙare. Comcast ma ya cire YES a Nuwamban 2015, bai dawo da ita ba sai a 2017, wanda ya sa dubban ɗaruruwan gidaje a New Jersey da Connecticut da Pennsylvania suka rasa kakar 2016 gaba ɗayanta. Mafi muni shi ne na Los Angeles. Time Warner Cable ya ƙulla yarjejeniyar shekara 25 da Dodgers a kan dala biliyan 8.35, aka buɗe tashar SportsNet LA a 2014, amma DirecTV ya ce farashin ya yi yawa, bai ɗauke ta ba sai a Afrilun 2020. A cikin shekarun nan ne Vin Scully, wanda ya yi wa ƙungiyar sharhin wasa kaka 67, ya yi ritaya a 2016, kuma ɗimbin waɗanda suka girma da muryarsa ba su samu kallon yawancin wasanninsa na ƙarshe a gidajensu ba. Idan giwaye biyu suna faɗa, an san wanda ke shan tattaka.

Da wannan a zuciya za a iya auna zaɓuɓɓukan. MLB.TV ta dace da mutum ɗaya ne tak: wanda yake zaune a wajen yankin ƙungiyarsa. Masoyin Yankees da aiki ya kai shi Houston ko Atlanta, ko masoyin Dodgers da ke Bronx, babu abin da ya fi masa ita araha da wadata, domin a 2024 kuɗinta dala 149.99 ne a shekara ko 29.99 a wata, kuma kusan duk wasannin sauran yankuna suna ciki. Sai dai ranar da ƙungiyarsa ta haɗu da ƙungiyar garin da yake zaune, toshewar za ta same shi. An kuma fito da rukuni na ƙungiya ɗaya mai ɗan rangwame, wanda ya samo asali daga sasanta wata ƙara da masu kallo suka shigar, aka kammala a 2016, amma shi ma bai ɗage toshewar gida ba. Kafin a biya, a shiga shafin MLB a saka lambar ZIP, wato lambar gidan waya ta unguwa, zai nuna ƙungiyoyin da aka toshe. Wanda ke amfani da layin T-Mobile ya sa ido a farkon kaka, domin kamfanin ya yi shekaru yana ba abokan cinikinsa MLB.TV kyauta, amma kwanaki kaɗan ake buɗe ƙofar karɓa. Wasan da aka toshe yakan buɗe kimanin minti 90 bayan an tashi, kuma ga direban tasi ko ma'aikacin dare da ba zai samu kallon kai tsaye ba ko da an ba shi, wannan ba ƙaramin abu ba ne, in dai zai iya kauce wa jin sakamako.

Ga wanda yake cikin yankin ƙungiyarsa, zaɓin da na fi ba ƙarfi shi ne manhajar tashar kanta, wadda ake biya kai tsaye ba tare da kebul ba. Wannan sabon abu ne. NESN ta Red Sox ce ta buɗe hanyar a Yunin 2022 a kan dala 29.99 a wata, YES ta biyo baya a Maris na 2023 a kan 24.99, Marquee ta Cubs kuma ta shigo a shekarar a kan 19.99. Daga baya an haɗa YES da MSG, wata tashar wasanni ta New York, a manhaja ɗaya mai suna Gotham Sports, kuma daga 2025 masoya Mets, ɗaya ƙungiyar ta New York, su ma suna iya sayen tasharsu ta SNY kai tsaye. Wani ɓangare na wannan sauyi durƙushewar tsohon tsarin ne ya haifar da shi. Kamfanin Diamond Sports Group, mai tashoshin Bally Sports, bashi ya yi masa katutu har ya nemi kariyar kotu a Maris na 2023, ya kasa biyan Padres kuɗinsu, hukumar MLB ta karɓe nuna wasannin ƙungiyar a ƙarshen Mayun shekarar, sannan na Diamondbacks a Yuli, daga baya Rockies da Twins da Guardians suka shiga sahu. A waɗannan garuruwa hukumar ta sayar da kallon gida a kan dala 19.99 a wata ko 99.99 a kaka, babu toshewar yanki. Wannan shi ne abin da masu kallo suka yi shekara ashirin suna roƙo, kuma abin lura ne cewa sai da kamfani ya karye aka ba su.

Shawarata ga mai sayen irin wannan manhaja ita ce ya biya wata-wata, sai idan yana son abin da tashar ke nunawa a lokacin sanyi. Wata shida a farashin YES na 2023 bai kai dala 150 ba, alhali kuɗin shekara a lokacin 239.99 ne, kuma bambancin yana da ma'ana ne kawai ga wanda zai kalli ƙwallon kwando ta Brooklyn Nets bayan an rufe kakar besbol. Ya kuma tuna cewa manhajar tana cin intanet mai ƙarfi, hotonta yakan yi jinkirin daƙiƙu a bayan na kebul, kuma idan ya yi tafiya zuwa wani yankin ba lallai ta buɗe masa ba.

Kebul da tauraron ɗan'adam har yanzu suna da wurinsu, musamman a gidan da ke da dattijo wanda ba ya son lalube a manhajoji, ko gidan da ake kallon labarai da sauran tashoshi. Amma a karanta takardar kuɗin da kyau. Kamfanoni da dama suna ƙara wani kuɗi daban da sunan wasannin yanki a kan farashin da aka tallata, kuma sun fara ɗauke tashoshin wasanni daga rukuni mai araha zuwa mai tsada. Haka aka yi a 2024: Comcast ya cire tashoshin Bally a ranar 1 ga Mayu, a tsakiyar kaka, ya dawo da su ranar 1 ga Agusta a rukuni na sama. Wanda ya san yadda DStv ke ajiye manyan wasannin Firimiyar Ingila a rukunin da ya fi tsada zai gane dabarar nan take. Babban haɗarin shi ne kwantiragin shekara ɗaya ko biyu, domin yarjejeniyar ba ta tilasta wa kamfani ya riƙe wata tasha, amma tana tilasta wa mai saye ya biya tara idan ya fita kafin wa'adi. Kada a sa hannu a kan irin wannan takarda saboda tasha ɗaya.

Kamfanonin da ke haɗa tashoshi ta intanet sun fi sauƙin fita, tunda wata-wata ake biya, amma a nan ne araha ke yaudara. Dish da Sling sun rabu da tashoshin yanki na Fox a Yulin 2019, YouTube TV da Hulu suka bi sahu a 2020. Waɗanda suka fi riƙe tashoshin yanki su ne DirecTV ta intanet, daga rukunin Choice zuwa sama, da kuma Fubo. A saka lambar ZIP a shafin kowane kamfani a ga sunan tashar da ido kafin a ba da lambar katin banki, kuma a yi amfani da kwanakin gwaji na kyauta a ranar da ake da wasa.

Duk abin da mutum ya zaɓa, akwai wasannin da ba za su zo a ciki ba, domin an sayar da su daban ga kamfanonin da ke nuna wa ƙasa baki ɗaya. Tun 2022 Apple ke da wasannin daren Juma'a, kuma idan ƙungiyarka ta faɗa cikinsu, tasharku ta gida ba za ta nuna ba. A shekarar ce kuma Amazon Prime Video ta fara ɗauke kimanin wasa 20 na Yankees a kowace kaka ga mazauna yankin New York. Wannan rabon yana sauyawa daga shekara zuwa shekara, don haka a ɗauko jadawalin ƙungiya a watan Maris a ƙirga wasa nawa ne ke kowace tasha. Wanda yake da Prime dama saboda sayayya ya huta da wannan ɓangaren. Wanda ba shi da shi, ya lissafa ko wasa 20 cikin 162 sun kai ƙarin kuɗin wata, kuma ga yawancin gidaje ina ganin ba su kai ba.

Abubuwa biyu masu araha ne mutane ke rainawa. Na farko eriya ce, wadda ake saye sau ɗaya da 'yan daloli kaɗan, ta kamo tashar Fox mai nuna wasannin Asabar da wasannin World Series, wato zagayen ƙarshe na gasar, ta kuma kamo WPIX da ke nuna wasu wasannin Mets kyauta a New York. Na biyu rediyo ne. Besbol wasa ne mai tafiya a hankali wanda ya dace da kunne, WFAN tana watsa wasannin Yankees, kuma sautin da ke cikin manhajar MLB ba a toshe shi ko a wane yanki mutum yake. Bahaushe bai buƙatar a koya masa daɗin rediyo, kuma ga mai tuƙi ko mai tsaron shago, wataƙila wannan kaɗai ya wadatar.

Za a samu mai ba da shawarar VPN, wato manhajar da ke ɓoye inda mutum yake don a ɗauka yana wata ƙasa. Ban goyi bayanta ba. Ta saɓa wa sharuɗɗan da mutum ya amince da su lokacin da ya yi rajista, ana iya rufe masa asusu ba tare da mayar da kuɗi ba, kuma a waya manhajar MLB tana neman ainihin wurin da na'urar take. Shafukan da ke satar wasa kuwa sun fi haka haɗari, domin cike suke da tallace-tallacen banza da tarkon satar bayanai, abin da ba a so a kwamfutar da yara ke amfani da ita.

Saboda haka magidancin nan na Bronx, idan yaransa Yankees suke so, ya bar MLB.TV, ya biya kallon YES kai tsaye ta manhaja daga Afrilu zuwa Satumba, ya sayi eriya, ya bar sauran wasannin ga rediyo. Idan gidan yana da kebul dama, ya kira kamfanin ya tambayi rukunin da YES take ciki da kuma ranar da kwantiraginsa zai ƙare, sannan ya kwatanta kuɗin biyu a takarda kafin ya taɓa komai.