Kwana tara da Camon 30 a hannuna, ga abin da na gani

Tun ranar da na ɗora bidiyon ɗinkin kawuna a status mutane suke ta damuna da tambaya, wai kamara na sayo ne ko me. To ba kamara ba ce, waya ce, Tecno Camon 30, kuma yau kwananta tara a hannuna. Ban ce na gama saninta ba fa, kwana tara ai ko amarya ba a gama sanin halinta ba, amma tunda tambaya ta yi yawa bari in faɗi abin da idona ya gani.

Ga wanda bai san ni ba, aikina ɗaukar gajerun bidiyo na talla ne wa masu shaguna a nan Garwa ta Kamaru, teloli, masu kilishi, masu turaren wuta, wani lokacin kamu ko walima idan mai biki ba shi da ƙarfin ɗauko mai babbar kamara. Duk abin da na ɗauka ƙarshensa TikTok ne ko Facebook ko status, ku riƙe wannan don za mu dawo kansa.

A babbar kasuwa na saye ta, musaya muka yi, na ba da tsohuwata na yi ciko. Wayar ba sabuwar fitowa ba ce, tun 2024 take, har an yi mata ƙanwa Camon 40 a 2025, shi ya sa ma kuɗinta ya ɗan sauko har irina ya iya kai hannu. Mai shagon da farko ya so ya miƙo min wadda kwalinta a buɗe yake wai ai duba ta kawai aka yi, na ce a'a alhaji a ba ni wadda kwalinta yake a liƙe, a gabansa na yage ledar na danna *#06# na gwada lambar IMEI, wato lambar shaidar wayar, da wadda ke jikin kwali, sannan na duba kan caja ko nata ne na asali mai wat 70. Dan Allah ku riƙa yin haka, minti biyu ne kawai.

Gilashinta AMOLED ne inci 6.78 mai 120Hz, yatsa na sulɓi a kai, baƙi kuma baƙi ne ƙirin ba toka-toka ba. Shi ke nan abin da zan ce a kansa, ya yi.

Inda nake so in tsaya shi ne kamarar baya. An rubuta 50MP amma ni wannan lambar ta daina burge ni tuntuni, abin da ya sa na ciro kuɗina shi ne OIS, wato idon kamarar da kansa yana ɗan motsi a ciki yana gyara rawar hannunka. Ranar Lahadi na tafi kasuwar Pitoa da ita takanas, ina tafe a ƙasa tsakanin masu albasa da masu awaki ina ɗauka da hannu ɗaya, da na dawo gida na kalla wallahi sai da na yi murmushi, tafiyar tana nan ana jinta amma babu wannan karkarwar da ke sa mai kallo jiri. Sai na zaƙe na ce bari in gwada a kan mashin, yaro ya goya ni daga Yelwa har gadar Binuwai ina ɗauka a baya, to nan kam kowane rami sai da ya fito a bidiyon, kuma laifina ne, OIS na rawar hannu ne, ba a yi shi don ramukan hanya ba, mai son irin wannan ɗauka ya nemi gimbal, wato sandar riƙe waya mai hana girgiza.

Gwajin da na fi ba muhimmanci kuwa shi ne baƙin mutum cikin farar shadda, duk mai ɗaukar hoto a ƙasar nan ya san wannan wahalar. Ko dai waya ta bi hasken shaddar fuska ta zama inuwa sai haƙora kawai kake gani, ko ta bi fuskar ita kuma shaddar ta ƙone fari fat aikin zaren da tela ya kwana uku yana yi ya ɓace. Kawuna baƙi ne sosai, na tsayar da shi a ƙofar shago wajen ƙarfe biyar na yamma da babbar riga fara mai aiki a wuya, fuskarsa ta fito da kalarta ta gaskiya kuma ana ganin zaren aska ɗaya-ɗaya. Shi da ba ya yabon komai sai da ya ce ɗana sake kunna min in gani. Dama Transsion, kamfanin Shenzhen na ƙasar Sin da ke da Tecno da Infinix da itel, a kan wannan ya yi suna a Afirka, saita kamara don fatar baƙar fata, kuma a nan na ga alamar ba surutu ba ne kawai. Amma fa da yamma na ce, da tsakar rana ƙarfe ɗaya a ranar Garwa babu wayar da za ta cece ka, ka nemi inuwar dalbejiya kawai.

Kamarar gaba ita ma 50MP ce kuma tana neman fokas da kanta, wanda ba kowace waya mai irin kuɗin nan ke yi ba. Yayata mai turaren wuta da humra ita ta fi morar wannan, tana magana fuskarta tas, ta ɗago kwalba kusa da kamara sai rubutun jikin kwalbar ya fito, ta sauke ya koma kan idonta. Yanzu kullum sai ta aiko yaro wai a ara mata wayar na minti goma, minti goman da ke zama awa biyu. Shawara ɗaya, kamar kusan duk wayoyin yanzu akwai wurin gyaran fuska, ku rage shi ko ku kashe, kada amarya ta fito kamar 'yar tsana danginta su kasa gane ta.

To yanzu maganar da aka fi yi min gardama a kanta a majalisa, wai ba ta ɗaukar bidiyon 4K, wato mai kaifin hoto sosai. Eh gaskiya ne ba ta yi, injin da ke cikinta Helio G99 ne na MediaTek kuma iyakarsa 2K, mai son 4K sai ya hau sama zuwa Camon 30 Pro ko Premier masu Dimensity 8200, da kuɗinsu daban. Amma ni tambayata ita ce 4K ɗin ina za ka kai shi? Ka ɗauka ya cinye maka wuri ninki biyu ko uku, ka zo ɗorawa rezo, wato netwok, yana rarrafe ka ƙone data, sannan WhatsApp ya matse shi ya mayar da shi ƙarami, wanda zai kalla kuma a ƙaramar waya yake kallo a bakin shago. Ni ko 2K ɗin ma ban cika taɓawa ba, 1080p nake ɗauka kuma har yau babu kwastoman da ya ce min hoton bai fita ba. Abin da ya fi 4K yi min ciwo a rashinsa shi ne kamara mai faɗi, babu ita, ta biyun 2MP ce ta taimako kawai, don haka a ƙaramin shago irin na kasuwa sai ka ja baya har bayanka ya taɓa rumfar maƙwabci kafin kaya su shiga duka.

Kuɗin da na rage da ban bi Premier ba makirfo na saya da shi, ɗan ƙarami mara waya da ake maƙalawa a wuyan riga, ɗayan ɓarin a soka a wurin caji, kuma in za ku ji tawa wannan ya fi komai canja min aiki. Makirfon jikin kowace waya duk abin da ke kusa yake kwasa, ƙarar mashina, janareta, iska, mai tallan ruwa, shi kuma mai kilishin da kake ɗauka muryarsa can ƙasa kamar daga rijiya. Mutane suna yafe hoto mai ɗan duhu amma da zarar ba sa jin magana sun wuce.

Da dare na gwada ta sau ɗaya a wani kamu, inda fitila take ta yi kyau, inda babu sai ɗan yashi-yashi a hoto, abin da na yi tsammani ke nan, na kunna fitilar zobe ta gyaru. In kun ga layi-layi na yawo a bidiyo ƙarƙashin doguwar fitila ba lalacewa ba ce, wutarmu 50Hz ce, sai ku canja wuri ko ku canja fitila.

Batir 5000mAh, yana kai ni yamma ranar da aiki bai yi yawa ba, ranar Pitoa kuwa da la'asar na nemi caji. Cajin ne ma abin so, don yanzu da rani ya yi nisa ruwan madatsar Lagdo ya ja baya kun san yadda kuran, wato wutar lantarki, ke yi mana, a kawo a ɗauke, to da an kawo na soka ta kafin in yi wanka in sha shayi ta haura rabi. Ina cire mata riga idan zan yi doguwar ɗauka a waje kuma ba na ɗauka tana kan caji, a zafin nan ko ƙarfen ƙofa ka taɓa sai ka janye hannu balle waya. Haɗa bidiyo a manhajar CapCut lafiya lau a 1080p, in ka jibga masa rubutu da kwalliya da yawa sai ka ɗan jira wajen fitarwa, 256GB ɗin kuma har yanzu ban ci ko kwata ba.

Abin da ban gwada ba tukuna shi ne abu mai gudu cikin ƙura, ina jiran hawan sallah a ƙofar Lamiɗo in ga yadda za ta yi da dawakai, in yayata ta dawo min da ita kafin lokacin.