Sharhi kan Home Assistant Green: idan akwatin ya mutu, yaya gidan zai tashi?

Home Assistant Green ƙaramin akwati ne da ya fito a 2023 don sarrafa fitilu, kyamarori da sauran na'urorin gida ba tare da dogaro da intanet ba. Wannan shi ne babban abin yabonsa. Masu amfani da Insteon, wani tsarin sarrafa na'urorin gida, sun wayi gari a Afrilun 2022 an kashe sabar kamfanin, manhajarsu ta daina aiki; da Green ba a wannan fargabar, domin komai na cikin gidanka. Amma fa nauyin farfaɗo da shi idan ya lalace ya dawo wuyanka.

Ta fuskar juriya ya fi Raspberry Pi, ƙaramar kwamfuta mai katin memori da ake yawan ɗora wannan tsarin a kanta. Home Assistant, manhajar da ke cikin akwatin, na rubuta tarihin na'urori ba dare ba rana, yana riƙe na kwana 10, kuma wannan yawan rubutun, haɗe da ɗauke wuta ana tsakiyar rubutu, shi ke kashe katin. Green yana da ma'adanar eMMC mai 32GB. Ta fi ƙarko, sai dai a manne take da allon, ba a cire ta a sa wata. Wutar da yake ci ba ta wuce wat 3 ba a kan bolt 12, don haka ƙaramin batirin da ake saya wa rauta zai riƙe shi awanni. A inda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini, ko ake sauyawa zuwa janareto, wannan batirin dole ne.

Kwafin ajiya ya gyaru sosai tun sigar 2025.1 ta Home Assistant. Ana saita shi ya yi kwafi kowace rana da kansa, kuma yana kulle kwafin da mabuɗin sirri. Nan ake yawan faɗawa rami biyu. Na farko, barin kwafin a cikin akwatin kaɗai. Idan ya ƙone, sun tafi tare. A tura shi Google Drive, OneDrive ko wata ma'adana da ke kan layin gidan. Na biyu, mabuɗin. A sauke shi, a buga a takarda, a ajiye tare da takardun gida. In babu shi, kwafin ba ya buɗuwa ko a hannun wa yake.

Maido da gida kan sabon akwati ba wuya: a jona shi da rauta, a buɗe homeassistant.local:8123, a shafin farko a zaɓi maidowa daga kwafi, a sa mabuɗin. Sai a ba sabon akwatin tsohon adireshin IP daga rauta, in ba haka ba duk na'urar da aka rubuta mata tsohon adireshin za ta yi ta nemansa.

Inda Green ya rage mini armashi shi ne Zigbee, hanyar sadarwa mara waya da ƙananan na'urorin gida da yawa ke amfani da ita. Ba ya zuwa da rediyonta, sai an sayi ta USB daban, irin su Sonoff ZBDongle-P. Idan akwati ne ya mutu, a zare rediyon a soka a sabon, na'urori su dawo. Idan rediyon ce ta mutu, aikin ya fi tsanani. ZHA, manhajar Zigbee da ke zuwa cikin Home Assistant, na iya ɗora bayanan tsohuwar a kan sabuwa. Da Zigbee2MQTT kuwa, wata manhajar Zigbee ta daban, sai an samu fayil ɗin coordinator_backup.json da rediyo mai guntu (chip) irin na tsohuwar, in ba haka ba akasari sai an bi na'urori ɗaya bayan ɗaya an sake haɗa su, har da wanda aka binne a bayan makunni. Shi ya sa nake ganin a sayi rediyo biyu iri ɗaya tun farko. A kuma rubuta hanyar rediyon a saitin manhajar da /dev/serial/by-id/, domin gajeren sunanta irin ttyUSB0 kan sauya.

Tun wajen wayarin, a tabbata kowace fitila da injin jan ruwa na da makunnin hannu da ke aiki ko akwatin na kashe. A gwada: a zare wutar akwatin da magariba, a zaga ɗaki ɗaki a ga abin da ya ƙi kunnuwa.